Kun Koya wa Ɗana Rabin Tarihin Kuba

Zuwa ga Shugabar makarantar sakandaren da ɗana Isuhu yake karatu a Greensboro.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Mariyama, 'yar Nijar, ina aikin ɗaure kaya a wani sito a titin Wendover. Na yi ta zuwa ofishinki ana cewa kina taro, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Malamin tarihi ya ba Isuhu haddar jawabin wani tsohon shugaban ƙasar nan, inda yake neman izinin tura soja Kuba, wai ba zai zuba ido Sifaniyawa 'yan mulkin mallaka suna kashe maƙwabta a bakin ƙofarsa ba. Yaron ya karanta, aji ya tafa masa. Na tambaye shi yaushe masu ceton suka koma gida bayan sun kori Sifaniyawan, ya ce darasin bai kai nan ba. Haba! Mu ma haka Faransawa suka shigo mana, wai sun zo raba faɗa. Kakata har ta rasu babu gashi a tsakar kanta, saboda dakon duwatsun aikin tilas.

Na biyu. Ana cikin haka sai ga soja da kaki a ƙofata, ya ce a makarantarku ya san Isuhu. Mu ba ma tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Na zuba masa shinkafa da miya, har da ƙari. Ashe mai ɗaukar yara aikin soja ne. Yanzu Isuhu cewa yake ai ni ma na karɓi mutumin hannu biyu.

Na uku. Yaron da ko kaza bai taɓa yankawa ba, yau shi ke maimaita mini jawabin nan da Turanci, wai mutanen Iraƙi ma ceto suke jira. Na ƙi sa hannu a takardarsa ta shiga soja. Amma bayan Babbar Sallah zai cika sha takwas, daga nan ba ya bukatar hannuna. Wallahi tsoro nake ji, abinci ma ba ya shiga.

Roƙona biyu ne. Ki sa malamin ya ƙarasa musu tarihin kafin Sallah. Sannan a daina haɗa sojoji da yaranmu ba da sanin iyaye ba. Idan aka zo da mummunan labari, ƙofata za a buga, ba ta malamin tarihi ba.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar miki naki 'ya'yan a gabanki.

Wassalam.
Mariyama, mahaifiyar Isuhu.