Na Sayar da Motocin, Mairama

Kura, 9 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga ƙanwata Mairama, a Zangon Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ibrahimu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan mun gode Allah. Inna Iyatu tana nan, ƙafa ce dai ta hana ta fita, amma bakinta garau yake, kullum sai ta tambaya ko an ji ɗuriyarki. Matar ɗana Musbahu ta sauka lafiya a Kaduna, an sami mace, an sa mata Hawwa. Zafi ya shigo sosai, an gama yankan alkama, kasuwar tumatir kuma ta ja da baya.

Na san fataken goro za su riga takardar nan isa wurinki da labari, kuma kowa zai ƙara nasa a hanya, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina. Gaskiya ne na yanke jiki na faɗi a tsakar gida watan jiya, gaskiya ne kuma na sayar da motocina. Ba jarina ne ya karye ba, kada hankalinki ya tashi. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ke kin bar ni ina matar aure a kulle, ina suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a bayan ɗaki, hannuna duk tabon wuta. Abin da ya biyo baya a bakin mutane kika ji shi, su kuwa mutane ƙarshen suke faɗa. Da na fita takabar baban Musbahu, dangi sun so in zauna su riƙa auno mini hatsi. Na yi godiya, na ɗauki mayafina na shiga kasuwar Bunkure ina sayen gyaɗa kwano-kwano, ina tara wa wani dillali a Kano. Abin da ba a faɗa mini ba a lokacin ba shi da yawa. Akwai matan da muka taso tare da suka daina gaishe ni, wai na zama mai cuɗanya da maza a rumfa. Na toshe kunne, daga kwano na koma buhu, daga jaki na koma hayar mota. Sai fari ya zo, bayansa cuta ta cinye gyaɗar ƙasar nan ƙurmus, manyan 'yan kasuwa da yawa suka zauna. Ni ma na ɗauka tawa ta ƙare.

Ana cikin haka ruwan madatsar Tiga ya iso. Mairama, da za ki zo yau ba za ki gane gonar Baba ba. An tumɓuke ɗorawar nan da muke hutawa a ƙarƙashinta, an baje ƙasa, an ja hanyar ruwa ta siminti miƙe har iyakar ganinki. Mutanen da ba su taɓa noman rani ba suka wayi gari da tumatir da albasa sun rasa inda za su kai su. Ni na san hanya, na san dillalai, don haka na fara lodi zuwa Ibadan. Daga nan na sayi mota ta kaina, na ƙara wata, na kafa injin casar shinkafa a bayan gida, na tara mata suna turara shinkafa suna shanya. Na je Makka, na kai Inna. Sai sunana ya ɓace, kowa Hajiya mai motoci yake cewa, har waɗanda suka daina gaishe ni a da.

Amma ba wanda ya gaya mini cewa dukiya ba ta barin mai ita ya zauna. Tun daga sallar asuba zaure ya cika: wannan taki yake so, wannan matarsa ce ba lafiya, wannan direba ne ya zo da labarin taya. Na manta ranar da na ci tuwo da zafinsa. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, ranar da aka tsinke shi ranar yake fara mutuwa, sai ki ga ina zaune a Kura amma zuciyata tana can kan titi tana bin mota. Bikin 'yarki Asta ma ban samu zuwa ba saboda kaka ce, kuma har yau abin yana cina.

A watan Fabrairu na bi babbar motar da kaina, don in ga wani sabon dillali. Mun wuce Mokwa kaɗan injin ya buga, a dajin da ba gida gaba ba gida baya. Direbana Hammadu ya tafi neman bakanike, ni kuma na shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya. Kayan gyaran ba su samu da wuri ba, rana kuwa ba ta yi mana sauƙi ba. Ina zaune ina kallo kwanduna suka fara zubar da ruwa, ja-ja yana bin katakon motar yana ɗiga a kwalta, ƙudaje suka taru, wari ya tashi. Da Hammadu ya dawo ya gani sai ya tsuguna yana hawaye, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Ni kuwa na laluba zuciyata ina neman baƙin ciki ban samu ba. Abin da na ji shi ne daɗin zaman nan, ba mai kirana, ba mai jirana. Har gyangyaɗi na yi da rana tsaka a bakin titi, dukiyata tana ruɓewa a gabana. A nan na san cewa abin ya fita daga raina.

Ban daɗe da dawowa ba na faɗi ina alwala. Aka kai ni asibiti a Kano, likita ya ce jinina ne ya hau, in ban rage ɗawainiya ba faɗuwa ta gaba ba lallai in tashi da ƙafafuna ba. Musbahu ya zo daga Kaduna. Na tambaye shi ko zai bar aikin ofis ya karɓi harkar, ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, shi bai iya rigimar tasha da dillalai ba, kuma ai ni na sa shi makaranta don kada ya sha irin wahalata. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Shawararsa ita ce in sayar da komai in koma wurinsa in huta.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Alhaji Hambali, wani attajiri daga Kano, ya zo ya ce yana son motocin da injin da filin shanya gaba ɗaya, ya kuma yi tayi na mutunci. Da na tambaye shi matan fa, bai ɓoye mini ba, ya ce shi da mutanensa zai zo, ba zai iya aiki da matan ƙauye ba. Na ce ya ba ni lokaci. Kashegari Barira ta shigo ɗakina. Ba ki san ta ba, bazawara ce daga Garun Mallam, ita ce babba a cikin matan, tun ranar da aka kafa injin take tare da ni. Na zaci roƙona za ta yi. Sai ta ce sun ji komai, sun kuma yi magana a tsakaninsu, in sayar kada in dube su, lafiyata ta fi, Allah da Ya ciyar da su kafin injin Yana nan. Ta faɗi haka ta gyara mini matashi ta fita. Na bi ta da kallo ta taga, na ga ta koma ta ɗauki manjagara tana juya shinkafar da ke shanye, kamar ba abin da ya faru.

Na sayar wa Alhaji Hambali motocin, da sharaɗin ya riƙe Hammadu. Injin da filin kuwa na hana shi. Na kira Mai unguwa da liman suka shaida na damƙa wa Barira da sauran matan, su yi aiki su raba abin da Allah Ya ba su, ni dai su riƙa auno mini ta tuwo. Musbahu bai so ba, ya ce za su kashe injin kafin shekara. Wataƙila su kashe, wataƙila kuma su fi ni. Ba ni da sauran ƙarfin da zan tsaya in ga wanne ne.

Kaduna dai ba zan je ba, ban iya zaman gidan bene ba. Yanzu zaure ya yi shiru, kuma da yawa daga masu sallama da asuba sun canza hanya, ban kuwa riƙe su a zuci ba. Ina wuni a inuwa kusa da Inna, ina jin ƙarar injin ta bayan katanga, in ya tsaya sai gabana ya faɗi, sai in tuna ba nawa ba ne. Na samu hutun da nake nema, sai na ga ba ni da wanda zan yi hira da shi, don duk wanda na sani a shekarun nan ta ciniki na san shi. Saboda haka ina roƙonki, ki nema mini alfarma wurin Malam ya bar ki ki zo kafin ruwa ya sauka, ko wata ɗaya ki yi mini. Ke kaɗai kika rage da za ki shigo gidan nan ki kira ni Yaya Zuliha, ba ki zo neman komai ba.

Ki gaida Malam Ibrahimu da kyau, ki gaida Asta da maigidanta, da Lukmanu da Raliya. Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ita ma ba ta da sauran dogon jira. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarki mai begenki,
Zuliha