Talatar da Muka Je Bakin Teku

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Ni dai ina nan Nima, ɗakin da ka bar ni. Gwiwa ta fara ƙi, rufin yana yoyo inda ka sani.

Ɗanka Sale, wanda ka bari a goye, ya zama magidanci. Ya aiko daga Yawuri cewa zai zo nan Ankara ta ƙasar Gana bayan Sallah, in faɗa masa abin da zai riƙo. Kai na fara tunawa.

Na ce ya bar babbar riga a gida. Ka tuna ranar da ka sauka da taka mai aiki, kafin mu hau motar hayar da suke kira trotro ta jiƙe sharkaf da gumi? Na ce kada ya kawo kilishi, danshin garin nan zai sa masa fumfuna cikin kwana uku, kamar yadda ya yi wa takalminka na fata. Ya riƙo gidan sauro. Wuƙa da kwaɗon ƙofa kuwa ya riƙa shafa musu mai, iskar gishiri ba ta barin ƙarfe. Idan ruwan sama ya sauko, ya yi nesa da babbar kwata. Dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi ya ci da zafinsu. Kai da farko ka ce tuwo ne ya lalace, daga baya sai da na riƙa janye ka daga gaban mai sayarwa.

Saura guda ɗaya, ita ce hannuna ya ƙi rubutawa.

Kai ɗan kogi ne, kana ƙetare Kwara da numfashi biyu. Ranar Talata muka je bakin teku, muka tarar da kwalekwale duk a kife kan yashi. Wani tsohon masunci yana ɗinkin taru ya ce mana ranar Talata ba a shiga ruwa, teku na hutawa. Ni ne na yi dariya, Haruna. Ni ne na ce camfinsu ne, ruwa ai ruwa ne. Da jin haka ka tuɓe ka shiga. Ban yi tunanin cewa ranar da masunta ba sa fita, babu mai tsamo mutum ba. Ban kuma san teku na ja ta ƙasa ba, ba kamar kogi da ke nuna maka inda ya dosa.

Garin nan ya cinye ƙuruciyata bai ba ni komai ba, amma ba zan ci haƙƙin mutanensa ba. Laraba da safe masuntan nan suka fita suka nemo ka, tsohon ya rufa maka zanensa.

Gida kuwa na rubuta cewa zazzaɓi ne. Shekara ashirin ke nan ban taka Yawuri ba, don kada Inna ta dube ni.

Sale ya ce yana so in kai shi ya ga teku, wai shi ma gwanin iyo ne kamar ubansa. Zan kai shi. Zan zaunar da shi kan yashi, ruwa iya idon sawu, in faɗa masa yadda aka yi. In ya tashi ya bar ni a wurin, ya yi daidai, muddin da ƙafarsa ya koma gida.

Allah ya haskaka makwancinka, ya tsare mana Sale, ni kuma ya ba ni bakin faɗa.

Yayanka,
Garba