Inna, Na Ji Ana Kiran Sunanki a New York

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau labari na kawo miki, kuma na san da kina nan sai kin yi dariya har kin share hawaye da bakin zani.

Kin san takwararki Ummi, 'yata ta fari, ta tafi karatu Amurka. To, da Babbar Sallar bara ta bugo waya ta ce ta daina cin nama. Inna, jikar mahauta! Dangi suka yi ta ƙus-ƙus, wasu har cewa suke wani addini ta shiga. Ni kuwa barci ya ƙaurace min. Tsorona kada yarinyar nan ta bar mu da gidanmu gaba ɗaya, naman somin-taɓi ne kawai.

Shi ya sa na yi takakkiya har New York da niyyar faɗa. Na ƙullo dambun nama leda guda, ma'aikatan filin jirgi suka ƙwace tun ban sha iskar garin ba. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Na sauka wajen ƙanwar mijina a Tompkinsville, wata unguwa da ke kan tsibiri a gefen birnin. Ita ta faɗa min Ummi na aikin dare a wani gidan shan gahawa da ba a dafa nama, ta raka ni muka hau jirgin ruwa bayan isha'i muka tsallaka.

Kai, Inna! Kujerun wajen babu biyu masu kama da juna, kamar an yi gwanjon kayan unguwa. Wani na kaɗa garayar Turawa a lungu, wata tsohuwa mai shuɗin gashi na saƙa hula, ga wani saurayi mai zobe a hanci yana kai abinci. Na gyara mayafina na zauna a ɗarare.

Ban gama zama ba na ji saurayin nan ya ɗaga murya wajen madafi ya kira sunanki. Sunanki na yanka, gatsau, babu ko sakayawa! Sunan da ni ban taɓa furtawa ba, wanda saboda shi muke ce wa yarinyar nan Ummi. Na miƙe zumbur zan ci mutuncinsa, sai abokiyar tafiyata ta ja min hannu ta nuna min allon da suke rubuta abincinsu. Ashe ɗanwake ne a rubuce, an raɗa masa sunanki.

Sai ga Ummi ta fito da kwano, hannunta duk garin kuka. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a gaban Turawan nan, ta ajiye min. Na kai loma ɗaya na rasa bakin faɗa. Kanwar daidai, man gyaɗan an soya shi da albasa har ta yi ja, yajin da ƙamshin citta. Ashe duk zaman da take yi a gindin murhunki tana ƙarama, kina cewa "Matsa min, takwara, kada ruwan zafi ya fallatsar miki," ba wasa take ba, kallon hannunki take.

Na zauna har suka tashi, ina ji ana ta kiran sunanki daga wannan tebur zuwa wancan, kowa da irin karkacewar harshensa. Nan na tuna tun rasuwar Baba da ƙawayenki babu wanda ya rage mai ikon kiransa, mu kuma kunya ta ɗaure mana baki. Na yi kewar jinsa, Inna, ban sani ba sai daren nan. Na yi kuka kaɗan, na ɗora wa yaji laifi.

Maganar nama kuwa, har yau ba ta ci, ni ma na bar zancen. Na tambayi sallarta, tana yi. Da na tashi tafiya ta ce in faɗi sunan abincin da za a ƙulla min da bakina. Ja'ira! Da yatsa na nuna allon.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa duk cikin da ya ƙoshi da ɗanwaken nan ladan ya isa gare ki. Ya shirya mana takwararki, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki da har yanzu ba ta iya kiran sunanki ba.