Marigayiya Ke Ganin Launin, Ni Ke Karɓar Kofin

Malama mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha tara kacal suka rage mini. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ni ɗan makarantar dā ne, ban iya gajarta magana ba.

Shekaruna saba'in da takwas. Sana'ata haɗa furanni, na riƙon amarya, na teburin taro, da na kai wa majinyaci. Shekara arba'in da ɗaya muna riƙe da shago ɗaya ni da maiɗakina. Bara ta rasu, Allah ya ji ƙanta, na rufe shagon. 'Yarmu tilo tana aure a nesa. Yanzu daga ni sai rediyo, sai matar maƙwabcina da ke leƙowa ta share mini ɗaki.

Ƙungiyarmu ta masu haɗa furanni tana taron kwana uku duk shekara, a yi bita, a baje koli, ranar ƙarshe a yi gasa. Babbar gasar ita ce wadda muke kira rufaffen bokiti. Ana ajiye wa kowa bokitin furanni a lulluɓe da ƙyalle, ba ka san abin da ke ciki ba sai an kaɗa ƙararrawa ka yaye, a ba ka minti arba'in. Sau uku ina cin wannan kofi. Kullum alƙalai abu ɗaya suke faɗa, wai ba su taɓa ganin mai idon launi irina ba.

Malama, ni ba na bambance launi. Ja da kore da ruwan ƙasa duk kusan ɗaya suke a idona. Ina aji biyu malaminmu ya tsula mini bulala don na shafa wa ganyen bishiya ja, ya ɗauka raini ne. Tun daga ranar na koyi kama bakina.

Marigayiya ta gano ni a makonta na farko a shagon. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhu, sannan ta tashi ta sake jera bokitai, jajaye a bakin ƙofa, farare a ƙurya, ba ta ƙara tayar da zancen ba. A wurin gasa doka ta yarda ka zo da mataimaki ɗaya, ya cire ganye da ƙaya ya miƙo maka, amma ba ya magana. To, ita ce mataimakiyata. Idan za ta miƙo fure sai ta ɗan tsaga gindin karan da farcen babban yatsa. Tsaga ɗaya ja ne, biyu ruwan hoda, uku ruwan goro. In na miƙa hannu ga abin da bai dace ba, sai almakashinta ya cije, ta tsaya tana gyara shi har in janye. Tsayi da siffa da yadda kai zai zauna daidai, wannan aikina ne. Launi kuwa, duka nata ne. Ko 'yarmu ba ta sani ba.

Makon jiya shugabar ƙungiya ta kira ni. A shagonmu ta koyi aiki shekara talatin da suka wuce, har yau Baba take ce mini. Ta ce bana ni za a karrama, kuma ni zan buɗe ranar ƙarshe da rufaffen bokiti a kan dandamali, da abin magana a wuyan rigata, da kyamara tana haska hannuwana a babban allo, ina yi ina bayyana dalilin zaɓen kowane launi. Mataimaki su za su ba ni. Na ce to tun kafin ta rufe baki, domin mako uku ke nan wayata ba ta yi ƙara ba.

Shekaranjiya na gwada kaina. Na sa aka sayo mini furanni a cakuɗe, na haɗa a kan teburin cin abinci. Da matar maƙwabcin ta shigo sai ta tsaya da tsintsiya a hannu ta daɗe tana kallo, can ta ce wataƙila sabon yayi ne da bai iso gare su ba. Na gane. Na ja kujera na zauna.

Ina tsoron in tsaya gaban mutum ɗari uku, rabinsu ɗalibaina, ɗakin ya yi tsit. Ina tsoron a ce shekara arba'in maguɗi nake yi, a karɓe kofunan. Zan iya cewa ba ni da lafiya, ba ma ƙarya ba ce, amma in na ƙi zuwa ban san wanda zai sake gayyata ta ko'ina ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau uku ana tafa mini tana tsaye a baya da ƙaya a yatsu, ban taɓa juyawa na nuna ta ba. Yaya zan yi?

Tsoho mai almakashi biyu

AMSA

Baba, Allah ya ji ƙan Mama, ya ba ka haƙuri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan faɗa maka gaskiya kamar yadda ka faɗa mini.

Rashin bambance launi ba laifi ba ne, mutane da yawa da shi aka haife su, musamman maza. Amma ba zan ce maka tsagar farcen nan ba komai ba ce. Dokar da ta hana mataimaki magana nufinta kada ya ba da shawara, kuma Mama ta ba da, ko da ba da baki ba. Waɗanda suka zo na biyu a shekarun nan suna da abin cewa. Sai dai kada ka mayar da kanka ɓarawo. Bulala ce ta koya maka ɓoyewa, kuma rabin abin da alƙalai suka yaba daga hannunka ya fito.

Kada ka fake da ciwo. Za ka tsira da sirrinka, ka koma ɗaki kai da rediyo, Mama kuma ta ci gaba da tsayuwa a baya. Kada kuma ka hau dandamali kana fatan sa'a, teburin cin abincinka ya riga ya ba ka amsa.

Gobe da safe ka kira 'yarka. Bai kamata ta ji labarin mahaifiyarta a bakin wasu ba, kuma ka roƙe ta ta zo taron in da hali. Bayan ita, ka kira shugabar, ka ce ta zo gida, ba a waya za a yi wannan magana ba. Ka ajiye kofunan uku a gabanta, ka faɗa mata komai, ka bar wa ƙungiya hukunci. Mai yiwuwa su karɓe kofunan, ka shirya wa hakan. Amma macen da ta yi shekaru tana ɗebo furanni daga bokitan da aka jera ta wannan hanya, ba zan yi mamaki ba in ta daɗe da sani, ta yi shiru don girmanka.

Sannan ka roƙe ta a sauya tsarin. A bar rufaffen bokitin yadda yake, amma shugabar ta tsaya a gefenka, ta zaɓi launi a fili tana bayani, kai ka koyar da tsayi da siffa, abin da ba mai kama ƙafarka a kai. Ka nemi kujera, kada ka yi minti arba'in a tsaye. Ka nuna musu tsagar farcen a babban allo. A cikin mutum ɗari ukun nan, wataƙila akwai wanda ke ɓoye irin abin da ka ɓoye.

Ka tafi da almakashin Mama, ka ɗora shi a kan tebur inda kyamara za ta gan shi. Kafin ka yaye ƙyallen, ka faɗi sunanta da ƙarfi, sau uku, ɗaya a madadin kowane kofi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ƙarfafa zuciyarka, ya sa a tashi taro kana murmushi.