Turancin da Nake Yi wa Iya

Zuwa ga ɗan'uwana na nono, Tanko, akawu a Kaduna.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaishe ka gaisuwa mai tsawo gwargwadon nisan da ke tsakaninmu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka waɗanda ban taɓa sa wa ido ba. Bayan haka, ka yi mini uzurin aiko maka da wannan ta jarida, inda kowa zai leƙa. A baya na aika saƙo ta hannun fatake, na aika ta gidan waya, shiru kamar an shuka dusa. An ce mini a ofisoshinku ba a ƙetare jarida, shi ya sa na shimfiɗa tabarmata a tsakiyar kasuwa. Kada hankalinka ya tashi. Na kira ka da sunan da mahaifiyarka take kiranka, wanda babu mai saninsa a inda kake.

Masu karatu ba su san mu ba, kai ma na ga alamar ka fara mantawa, don haka bari in tuna maka.

Mahaifiyata ta rasu ina cikin tsumma. Iya, mahaifiyarka, wadda aka kamo tana yarinya daga ƙasar Kambari zamanin hare-hare aka kawo gidan babana, ita ta ɗora ni a ƙirjinta kusa da kai. Ni ɗan dagaci, kai ɗan baiwa, amma zani guda ya goya mu, akushi guda muka lasa, har muryoyinmu suka yi kama, ana kiran ɗaya ɗaya ya amsa.

Shekarar da Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ƙasar Auna ya ce kowane dagaci ya ba da ɗansa a kai makarantar boko a Kontagora, ka san abin da babana ya ce, domin kana tsaye a zaure. “Ɗana ba zai ci tuwon Nasara ba. A sa wa ɗan baiwar nan riga.” Aka yi maka aski, aka zura maka rigar Sallata, aka ɗora maka sunana, dogari ya ɗauke ka a bayan doki. Ni kuma aka cusa ni cikin rumbu, ina shaƙar ƙaiƙayin dawa har ƙarar kofato ta ɓace. Iya tana daka a lokacin. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da luguden turmin har sai da aka ƙwace taɓaryar daga hannunta.

Ka riƙa dawowa hutu da shatar bulala a bayanka da wani abin mamaki a bakinka. A gindin ɗorawar bayan gida kake zaunar da ni kana koya mini yadda Bature yake juya kalmar aiki. Ka ce shi ba ya barin aiki tsirara, sai ya sa masa rigar lokaci. Akwai rigar aikin da aka yi aka binne, akwai ta wanda aka gama amma ƙamshinsa bai bar ɗaki ba, akwai ta wanda ake cikin yi, akwai ta wanda aka yi alkawari. Ka ce wasu kalmomin masu ladabi ne, jela kawai ake liƙa musu su koma jiya. Wasu kuwa 'yan taurin kai ne, sai sun sake kama gaba ɗaya, kuma su ne suke jawo maka bulala. Ai go, yu go, hi gos. Ai went. Ai haf gon. Ai shal go. Kom, kem, kom. Ban taɓa ganinsu a rubuce ba, yadda kunnena ya kama su haka na ajiye.

Ni da Allah ya jarrabce ni da son waƙa tun ina ƙarami, sai na ɗora su a kan karin waƙoƙin wa'azi da muke ji a makarantar allo, muna rerawa tare, har haddar ta zauna maka, bulalar ta ragu. Iya tana bayan zana tana dariya, da Hausarta wadda Kambarci bai taɓa saki ba: “Ku ji ɗana ya koma tsuntsu! Tanko, wannan gon-gon ɗin magana ce ko ganga?”

A lokacin na ɗauka mutanen da suka tsantsame lokaci haka, suka ware jiya daban, shekaranjiya daban, ba za su taɓa saɓa alkawari ba, kuma duk wanda ya sha daga rijiyarsu haka zai zama. Yaro man kaza.

Aka wuce da kai makarantar gaba, hutun ya fara tsallake mu. Babana ya rasu, aka ce ni ban yi boko ba, aka naɗa wani. Dabarar da tsoho ya yi don ya tsare ɗansa ita ta tuɓe wa ɗan nasa rawani tun kafin ya ɗaura. Na kwashe iyalina da Iya muka dawo Kontagora, na kama allura, ina yi wa riguna ɗinkin aska ina cin abinci. Wannan gyambon ya warke, ko in ce ya yi ɓawo. Ba don shi na ɗauki alƙalami ba.

Akwai wanda bai warke ba. Ka tuna zuwanka na ƙarshe, lokacin da ka rako wani Bature kana yi masa tafinta, kuka sauka a bariki? Iya ta dama fura, ta rufe da sabon faifai, ta taka da ƙafarta tun daga cikin gari, ni ina biye. Baturen ya nuna ta da sandarsa ya tambaye ka, ka amsa masa da Turanci ba tare da ka dube ta ba. Wani masinja mutumin Rijau da ke jin harshen ya ja ni gefe ya ce, “Malam, cewa ya yi tsohuwar baiwar gidan ubansa ce, ta taɓa renonsa.” Rigar da ka sa wa maganar kuwa, ko ni na gane ta: ta aikin da aka binne ce. Ban taɓa gaya mata ba. Ta koma gida tana taƙama, tana ce wa maƙwabta, “Kun ga yadda Nasara ke kasa kunne in ɗana yana magana?”

A ranar na yi waɗannan baitoci, ban rera wa kowa ba sai yau:

Ka iya jiya da gobe da harshen Nasara,
Ka rarrabe abin da ya ƙare da wanda ya saura,
Yau ɗinka ga ta a ƙofar bariki tana jira,
Ka ba ta baya kamar ba da ita ka fara.

To ga abin da ya sa na rubuto.

Tun daminar bara idanun Iya suka rufe, kunne ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta kai ga ture abinci, sai kiran sunanka. Wani hantsi ina zaune a ƙofar ɗakinta ina ɗinki, bakina ya kama waƙar nan tamu ta gindin ɗorawa shi kaɗai, ban ma san ina yi ba. Sai na ji ta yunƙura a kan gado. “Tanko? Kai ne? Lale, lale da baƙon Kaduna!” Ta miƙo hannu tana laluben iska. Na buɗe baki in ce Garba ne, sai na ga fuskarta, na ci gaba da ai go, ai went. A ranar ta shanye kunu har ta nemi ƙari.

Daga nan abin ya zama sana'a. Da safe in shiga in gaishe ta da Hausa a matsayin Garba. Bayan la'asar in sa takalmi sau-ciki da na aro wajen wani malamin asibiti, in tako da ƙarfi yadda za ta ji, in zauna in yi ta zuba mata juye-juyen kalmomin da ka koya mini, wani da taushi kamar gaisuwa, wani da ɗaga murya kamar tambaya. Ita kuma tana amsawa, tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Kashegari ta ce mini, “Garba, ɗan'uwanka ya dawo, ya yi ƙiba, amma Hausa ta gudu daga bakinsa. Ku yi haƙuri da shi.” Matata Hajo tana tsaye tana girgiza kai: “Malam, wannan wasan naka ba zai ƙare da daɗi ba. Wanda ya ari murya, ranar biya da me zai biya?”

Ka ga yadda duniya take juyi, ya fi na kalmominka. Ka shiga makaranta da sunana, ni kuma na shiga ɗakin uwarka da muryarka. Kai ka samu kujera, ni na samu bakin gado.

Ranar Juma'ar da ta wuce, maganar Hajo ta tabbata. Ina cikin rerawa Iya ta kamo hannuna ta riƙe da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Zan rubuta maka abin da ta ce yadda ta faɗe shi, domin naka ne, kuskure ne ya kawo shi kunnena. “Tanko, tsaya da tsuntsayen nan, ina da kaya a kai. Nonona bai ishi mutum biyu ba. Na cire ka tun lokacinka bai yi ba, na ɗora ka a kan kunu, don ɗan maigida ya ƙoshi. Ka yi kuka har muryarka ta dushe, ina ji, ina shayar da wani. Ranar da suka ɗauke ka kuma ban yi ihu ba. Tsoro na ji. Ka yafe mini, ɗana.”

Ban san da wannan ba, Tanko. Mu dai an ce mana nonon dama naka, na hagu nawa. Ashe duka biyun ni na sha.

Sai na koma ga ɗan abin da nake da shi, na ce ai go, ai went. Ta saki hannuna. “A'a. Ba da wannan ba. Da harshen da na goya ka da shi. Ko kalma guda ce.”

Na tashi na fita, takalmin aro yana kuka a ƙafata.

Kalmar tana bakina, ba ta da nauyi, yaro ma yana faɗinta. Da na sassauta murya na ce na yafe, wataƙila ba ta gane ni ba. Amma wane ne ni? Ni ne cikin da aka ƙosar da rabonka. Yaushe wanda ya ci kayan ya zama mai yafe wa wanda ya miƙa masa? Na tambayi limamin unguwarmu ba tare da na kama suna ba, ya ce yafiya ta mai haƙƙi ce, ba a yin ta da wakilcin da ba a bayar ba. Na iya yi mata ƙaryar da za ta sa ta ci abinci. Ba zan iya yi mata ƙaryar da za ta tafi da ita gaban Ubangiji tana zaton an sauke mata kaya ba.

Tun ranar ban sake sa takalmin ba, na mayar wa mai shi. Yanzu kuwa abin ya fi da muni. Iya tana cewa ka ji roƙonta ka tashi ka fita, ka koma Kaduna da fushi. Ta sake ture ƙwarya. Ruwa kawai Hajo take ɗiga mata da ludayi, Iya kuwa tana cewa, “Ya ƙi ko, Garba? Yana da gaskiya.”

Tanko, ɗan Iya, abokin goyona. Na san kai aka fara zalunta. Kai aka raba da nono, kai aka ɗora a bayan doki, bayanka ne ya sha bulalar da aka yanko domina. In fushi kake yi, ga ni, ga kabarin babana, zo ka zazzage mana shi, ba zan ɗaga kai ba. In kuma kunya ce, kana tsoron a Kaduna a ji ɗan wace ce kai, to ka zo a ɓoye. Jirgi zai sauke ka a Zungeru, motocin kaya suna tasowa zuwa nan kullum. Zan ce wa maƙwabta baƙo ne mai son ɗinki. Ba na neman ka kwana, ba na neman tsaraba. Ka shiga, ka durƙusa, ka ba ta hannunka, ka faɗa mata da Hausa. In ma zuciyarka ba ta kai ga yafewa ba, zo ka ce kana kan hanya, amma ya fito daga bakinka.

Ya Allah, Mai juya zukata yadda ya so, Ka tausasa zuciyar wannan bawa Naka. Ka riƙe ran Iya a jikinta har ɗanta ya iso. Ka gafarta wa babana, Ka gafarta mini abin da na sha ban sani ba. In kuwa Ka ƙaddara ba za su gana ba, Ka mantar da ita ranar Juma'ar nan, ta cika tana zaton hanya ce ta tsare shi. Amin.

Ka huta lafiya, in hutun ya samu.

Ɗan'uwanka na nono,
Garba mai ɗinkin riguna, Kontagora.