Ban Tambayi Umma Ba

Zuwa ga aminina Haruna Falwaya,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don babu mai kai saƙo inda kake. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, kai da in an turo maka rubutu mai ɗan tsawo sai ka ce a maimaita maka da murya. Amma dole in rubuta, saboda maganar ƙaninka Kabiru ce, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ita ba in ba kai ba. Ya so ya zo nan Kuala Lumpur ya buga wa kwalejinmu ƙwallon kwando kamar yadda ka yi, ni kuma na tare masa hanya. Zan gaya maka yadda aka yi, ka yi haƙuri ka saurare ni.

Bari in fara ba ka labarin gari. Ina nan a Danau Kota, a benen da ka sani. Na auri Zainab, wadda ka rantse ba za ta kalli gajere irina ba. To, ta kalla. Muna da 'ya mace, in na yi mata magana da Hausa sai ta mayar mini da Turanci, in ta ga dama ta haɗa da Malay. Mai shagon abincin mamak ɗin nan na ƙasan bene, mai gashin baki, ya daɗe yana tambayata ina dogon nan da ke cin gurasar roti kamar ba gobe. Ranar da na samu ƙarfin halin faɗa masa, sai ya ajiye tiren hannunsa ya shige ciki, wani ne ya zo ya sallame ni. Ruwan la'asar yana nan yadda ka bar shi. An sake daɓen filin wasanmu, an ɗaga ƙofar ɗakin sauya kaya wadda kullum take gwara maka goshi.

Gwiwata ta gama aiki, na daina bugawa. Koci Tan ya ɗauke ni mataimakinsa, kuma aikina shi ne nemo 'yan wasa daga ƙasashen waje. Da za ka ga wayata da ka yi dariya har ka faɗi. Daga Sudan, daga Kamaru, daga Ghana, daga Jos da Kaduna, kowa turo bidiyo yake yi, kuma a waya kowa ya kai falwaya tsawo. Akwai wanda ya hau bulo aka ɗauke shi daga gwiwa zuwa sama. Yanzu sai na sa yaro ya tsaya ba takalmi a jikin bango, a auna shi da awon tela ina kallo. In yaro ya yi, sai a zo kan iyaye, kuma nan ne Koci yake sakar mini komai. Ya ce shi ya san ƙwallo, amma bai san yadda ake roƙon uwa ta ba da ɗanta ba. Ni kuwa na sani, ai a kanka na koya.

Ka tuna hutun da na zo gida Kano na ce sai na tafi da kai? Na durƙusa a gaban Umma a tsakar gida ina ta zuba: karatu kyauta, wurin kwana, ƙasar Musulmi, masallaci a kowace kusurwa. Tana tsince shinkafa, ko kallonka ba ta yi ba. Da na gama, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya sa alheri, yayan Kabiru ya kama kansa. Haka take kiranka, yayan Kabiru. Tunda muke da kai ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, kai ne ɗan fari, kuma ita mutuniyar da ce. Amma ranar tafiya jakarka ta fi ta kowa nauyi, dambun nama da yaji da kuka, har ma'aikatan filin jirgi suka tsare mu suna shinshinawa.

Ranar da ka faɗi kuwa ba sai na ba ka labari ba, amma ban sani ba ko ka san abin da ya biyo baya. Atisaye muke yi bayan la'asar, ruwa na dukan rufin, ka yi tsalle ka sauko, sai na ga ka zauna a ƙasa. Na ɗauka irin wasanka ne na kullum, har na daka maka tsawa ka tashi. Likitoci suka ce zuciya ce, wani abu da aka haife ka da shi wanda babu wanda ya sani. Mutanen masallacin unguwa suka tsaya mana tsayin daka. 'Yan gida suka zo daga Sentul, daga Titiwangsa, har waɗanda ba su taɓa kallon wasanka ba. Da hannuna na sa ka a ƙasa, Haruna, a ƙasar da ni na kawo ka.

Ni na kira Umma. Na shirya ta yi kuka, ko ta tambaye ni yadda na yi da amanar da ta ba ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi maka addu'a, ta gode mini da ɗawainiya, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Tun daga ranar ba ta sake tayar da zancenka ba. Ba ta tambayi inda aka binne ka ba, ba ta tambayi su waye suka yi maka salla ba. Duk Salla ina kira, mu gaisa, ta tambayi Zainab da yarinya, ta sa mini albarka, shi ke nan. Ni kuma a raina na yanke cewa tana riƙe da ni, kawaici ne kawai ya hana ta nunawa. Wace uwa ce za a ɗauke mata ɗa da rai a mayar mata da labari, ta ce ba komai? Haka na zauna da wannan tunani, ban taɓa gwada shi a kan kowa ba.

Bana sai ga bidiyon Kabiru. Ka bar shi yana ɗaukar mana ruwa a bakin fili, yanzu ya kusa kamo ka. Kada ka ji haushi, amma ya fi ka iya wasa. Yana da hannun hagu, yana ganin abokin wasansa ko bai waiwaya ba, kuma ba ya rowar ƙwallo irin taka. Tafiyarsa kuwa taka ce sak, har ɗan karkata kafaɗar nan. Yaron ya san abin da zan ji tsoro, don haka tun kafin in tambaya ya je asibiti aka duba zuciyarsa, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce mini, cikin ladabi, ba ya neman alfarma, in nuna wa Koci kawai.

Na nuna. Koci ya kalla ya sake kalla, ya buga tebur ya ce boleh lah, wato ya yi, wannan a kawo shi. Gurbin baƙi kaɗan ne a gasar da muke bugawa, kuma bana guda ɗaya ya rage mana. Da ya ga sunan mahaifinku sai ya gane ƙaninka ne, ya tambaye ni ko mahaifiyarku za ta yarda, tunda ni na san gidan. Haruna, ban yi masa ƙarya ba a nawa sanin. Na ce ba za ta yarda ba, kuma bai kamata ma a tambaye ta ba. Na ce matar da ta rasa ɗa a filin nan ba za a je mata da zancen na biyu ba. Koci ya gyaɗa kai, ya ce na fi shi sani.

Zainab ta ce in ɗaga waya in kira Umma, in ba zan iya ba in kira wata babba a gidan. Na ce mata ba ta san Umma ba, in na tambaya za ta ce to don kunya, alhali zuciyarta na ƙuna. Zainab ta ce ni ma ai ban san ta ba, tsoronta kawai nake ji. Na yi fushi na fita, na je na zaga tafkin Titiwangsa da gurguwar gwiwata, na dawo ina ganin ni ne mai hankali. Aka ba wani yaro ɗan Kamaru gurbin. Na rubuta wa Kabiru cewa Koci ya zaɓi wani. Ya ce ba komai Yaya, Allah ya sa haka ne mafi alheri, har godiya ya yi mini.

Bayan 'yan watanni sai na ji Kabiru ya tafi. Wani dillalin 'yan wasa ya samo masa ƙungiya a wata ƙasa can gabashin Turai, inda sanyi ke hana mutum fita, babu Bahaushe ko na gaisawa, masallaci sai an hau jirgin ƙasa. Babu karatu a ciki, ƙwallo ce zalla, kuma ya sa hannu na shekaru. Da na ji haka sai na ce wa kaina aƙalla ba ni na kai shi ba.

Sai Goggo Hanne, ƙanwar Umma, ta turo mini saƙon murya. Ka san Goggo, ba ta tauna magana. Kabiru ne ya haɗu da wani ɗan wasanmu a waya, ya ji cewa Koci ya so shi, ni ne na ce gida ba za a yarda ba. Goggo ta wanke ni tas. Ta ce wa ya aike ni? Ta ce Umma ce da kanta ta sa Kabiru ya turo mini bidiyon. Tun rasuwarka abin da ke cin ta shi ne kana kwance a ƙasar mutane babu jininka ko ɗaya kusa da kai, babu wanda zai je ranar Juma'a ya tsaya a kanka ya ce ga ɗan'uwanka. Da ta ga Kabiru ya miƙe ya kama ƙwallo, sai ta ga Allah ya kawo mata hanya. Har dambu ta sa aka fara yi. Goggo ta ce matar da ba ta kira sunanka kana raye ba, yaya za ta buɗe baki ta tambayi sa'an ɗan cikinta inda kabarinka yake? Jira take in faɗa mata, ni kuma ina jira ta tambaya. Ta ce Umma ba ta taɓa riƙe ni da komai ba, kullum sai ta sa ni a addu'a, don ni ne na tsaya a kanka.

Na koma wurin Koci. Ya ce gurbi ya cika, ba zai kori yaron Kamaru ba, kuma gaskiyarsa. Na ce to baɗi fa? Ya ce in Kabiru zai iya fitowa, ƙofa a buɗe take. Na kira Kabiru, bai ɗauka ba. Na rubuta masa komai, na ba shi haƙuri. Sai bayan kwanaki ya amsa, a taƙaice, cewa ba zai iya warware abin da ya sa wa hannu ba, kuma kafin ya ƙare ya wuce shekarun shiga kwaleji a wannan tsarin. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya daina ce mini Yaya, sai dai Malam Nasiru.

Me ya sa ban tambaya ba, Haruna? Ni da aikina kenan, in kira iyayen da ban taɓa gani ba in yi ta lallashi da Larabcin da bai nuna ba, amma matar da na ci tuwonta tun ina yaro na kasa. Na ce tausayinta nake ji. Yanzu 'ya'yanta biyu duk suna nesa, kowanne shi kaɗai, kuma na biyun aikina ne.

Jiya bayan sallar la'asar na kira Umma. Na yi niyyar in faɗi komai, amma ta riga ni da gaisuwa, ta tambayi Zainab, ta tambayi yarinya, ta tambayi ruwan sama. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni ta ce rabon yaron ne a can, in daina. Har na ɗauka ta ajiye wayar. Can sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, tana tambayata ko akwai inuwa a wurin. Ba ta ce wane wuri ba. Na ce akwai, Umma, akwai wata bishiya mai farar fure dab da kansa, furen har zubowa yake a kai. Na faɗa mata akwai ciyawa, ana share wurin, kuma ana jin kiran salla daga nan. Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa alhamdu lillahi, sai na ji Goggo ta karɓi wayar.

Duk shekarun nan ina da wannan amsa a bakina, Haruna, ita kuma tana da tambayar.

Juma'a zan zo maka bayan an sauko daga masallaci. Ni kaɗai zan zo, ba tare da wanda Umma ta so ta aiko maka ba. Ka yi haƙuri da ni. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya tsare Kabiru a inda yake.

Naka har kullum,
Nasiru Gajere