Kore Uku, Ba Mai Zuwa Ranar Asabar

Zuwa ga Yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ce ƙanwarka Rifkatu, daga Kafanchan. Tun da muka binne ka a Kwoi ban iya taɓa aikinmu ba sai daminar nan, shi ya sa na ce bari in kawo maka rahoto kamar yadda ka saba nema.

Ka tuna ƙunshin manhajar da muka rubuta da harshen kwamfuta na Python, mai jera waƙoƙin sujada da do-re-mi a ƙarƙashin kowane layi, wanda masu rubuta manhaja ke ɗauka su sa a nasu aikin. Saura kaɗan ya bi ka. Sabon Python ya fito, a kwamfutata komai lafiya, amma shugaban mawaƙan Gwantu ya kira ni ya ce a tasu ko buɗewa ba ya yi, ga taron mawaƙa ya matso. Nan take na ji muryarka: "Kada ki ce yana aiki. Ki ce yana aiki a wurina."

A da, kowace Asabar kakan ɗaure tsohuwar kwamfutarka mai Windows a bayan babur, cikin leda saboda ruwa, ka iso rigarka na ƙamshin citta. Mu gwada a taka, mu gwada a tawa mai Linux, sannan mu taka gidan wani malamin kwaleji mu ari tasa kwamfutar, Mac. Ka sha fatena ka ce gishiri bai ji ba, ka miƙo kwano a ƙara. Ka fara wannan zirga-zirgar ce a shekarar da mijina ya rasu, lokacin da ko ƙofa ba na son buɗewa.

Yanzu ba kai, ba kwamfutarka. Dole na nemi dabara. Na rubuta ɗan fayil guda na umarni, ta yadda duk sa'ad da na tura gyara, wasu injuna a intanet za su ɗauki ƙunshin su gwada shi a kan Windows da Linux da Mac, da tsohon Python da sabo. Wanda ya faɗi ya nuna ja, wanda ya ci ya nuna kore. Windows ya nuna ja, na ga inda matsalar take, na gyara. Duka ukun suka zama kore. Mutanen Gwantu sun buga waƙoƙinsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauƙinsa, Yaya. Kafin ruwan yamma ya ɗauke na gama. Kai da ka koya mini komai, yaya aka yi wannan ya wuce ka?

Ranar Lahadi bayan sujada na tambayi matarka Saratu. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce: "Ai ya sani tun tuni. Cewa ya yi idan inji ya karɓi gwajin, da wane dalili za ki bar shi ya riƙa zuwa duba ki?"

Ashe ni kake gwadawa, ka ga ko ina nan tsaye. Ina kewarka ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya riƙe Saratu da yara, ya sada mu a ranar tashi. Ƙunshinmu yana aiki a ko'ina yanzu. Ni kuwa har yau fate na mutum biyu nake dafawa ranar Asabar.

Taka ƙanwa har abada,
Rifkatu